Babi na Shida: Idan Ba Ka Sami Rizistar da Zane Ya Nema Ba

Duk wanda ya taɓa haɗa amfilifaya da hannunsa ya san wannan tsayuwa a bakin kanta. Ka zo da takarda ɗauke da sunayen kaya goma sha biyar, an samu goma sha uku. "Maigida, akwai 680?" Ya jawo akwati ya tona, ya ɗago ya ce, "Ta ƙare, amma ga 560, ɗauki, ai duk ɗaya ne." Wani lokaci gaskiyarsa. Wani lokaci kuwa irin wannan "duk ɗaya ne" ita ke cinye ai-si da sifika a dare guda. Ba laifin mai kanti ba ne, domin bai ga zanenka ba, bai san gurbin da rizistar za ta zauna ba. Zane yana hannunka, saboda haka kai ya kamata ka san amsa.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan babi shi ne: kafin ka tambayi lambar rizista, tambayi aikinta. A cikin amfilifaya guda akwai rizistar da za ka ninka ƙimarta sau biyu babu abin da zai faru, akwai kuma wadda ƙaramin canji a kanta zai sa sauti ya karkace ko tiranzista ta ƙone. A ido duk kamarsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya.

Mu fara da lambobin kansu. Ka lura ba ka samun rizistar om 500 ko 700 a kasuwa, sai 470, 560, 680, 820. Masana'antu suna bin jeri ne da hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin kayan lantarki, IEC, ta amince da shi tun 1952. Wanda ya fi yawa a kantunanmu shi ne E12, mai lamba goma sha biyu: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82, sai a riƙa ƙara sifili. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai tazarar kusan kashi 20 cikin ɗari. Jerin E24 ya cusa wasu a tsakani, irin su 20, 24, 30, 51 da 75. Wannan yana gaya maka wani abu mai amfani: shi kansa injiniyan da ya zana da'irar bai sami ainihin lambar da lissafi ya ba shi ba. Wataƙila lissafinsa ya ba da 710, ya duba jeri ya ɗauki 680. Lambar da ke kan zane ba saukakkiya ba ce, zaɓi ne da wani ya yi a cikin wani fili. Aikinka shi ne ka gano faɗin filin.

Bari mu ɗauki TDA2030, ai-si mai ƙafa biyar na kamfanin STMicroelectronics, wanda ke ba da kimanin wat 14 a sifika mai om 4. Da wuya ka buɗe tsohuwar ƙaramar amfilifayar ɗaki ko wufa ba ka same shi ko ɗan'uwansa a ciki ba, kuma da shi yawancin masu koyo ke farawa. A zanen da kamfanin ya bayar na wuta mai ɓangare biyu, rizistocin da aikin ya dogara a kansu huɗu ne: 22k daga ƙafa ta huɗu, wato mafitar sauti, zuwa ƙafa ta biyu, om 680 daga ƙafa ta biyu zuwa layin ƙasa ta cikin kafasita mai maikurofarad 22, wata 22k daga ƙafa ta ɗaya, wato mashigar sauti, zuwa ƙasa, sai om 1 tare da kafasita mai maikurofarad 0.22 a bakin mafita.

Biyun farko su ke yanke yawan ninkin da amfilifaya za ta yi wa sautin da ya shigo. Lissafin ba wuya: raba babbar da ƙaramar, ka ƙara ɗaya. 22,000 a raba da 680, a ƙara ɗaya, ya ba da kusan 33. To yanzu duba 560 ɗin da mai kanti ya miƙo maka. Ninki zai koma 40. Da 820 ya ba ka, zai sauko 28. Dukansu biyu za su yi aiki lafiya, bambancin da za ka ji bai wuce ka ɗan murza makunnin ƙara sama ko ƙasa ba. A nan mai kanti ya yi gaskiya.

Amma filin yana da katanga, kuma katangar tana ɓangaren da mutane ba sa zato. Yawanci ana ɗauka rage ninki shi ne zaman lafiya, tunda ai an sassauta wa ai-si aiki. Ba haka ba ne. Takardar bayanin TDA2030 ta faɗa ƙarara cewa ninki ya wuce desibel 24, wato kusan sau 16. Ka sa 1k a gurbin 680, ninki ya zama 23, kana ciki. Ka sa 1.5k, ya zama 15.7, ka taka layi. Ka sa 2.2k, ya faɗo 11, ka fita. Abin da ke biyo baya mugu ne domin ba ya yin ƙara: amfilifaya na iya fara kaɗawa ita kaɗai da saurin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Ba ka jin komai sai ɗan dishi-dishi a murya, amma ƙarfen sanyaya yana zafi ko da ba a kunna waƙa ba, ƙaramar sifikar tiwita tana dahuwa a hankali. LM1875 da LM3886 na kamfanin National Semiconductor, wanda Texas Instruments ya saya a 2011, su ma suna da irin wannan iyaka: ba a saukar da ninkinsu ƙasa da 10. Duk ai-sin da za ka yi aiki da shi, nemo wannan lamba tukuna kafin ka taɓa waɗannan rizistoci biyu.

Tunda rabo tsakanin biyun ne ke aiki, kana iya canza su tare. Babu 22k da 680, akwai 33k da 1k? Ninki 34, kusan daidai. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka ka ce to 2.2k da om 68 ma rabonsu ɗaya ne. Rabon ɗaya ne, amma ƙaramar rizistar tana aiki tare da kafasitar da ke ƙarƙashinta, su biyun ne ke yanke inda sautin ƙasa, wato bes, zai fara dusashewa. Om 680 da maikurofarad 22 suna yankewa a wajen Hz 11, can ƙasa da inda kunne ke farawa. Om 68 da wannan kafasita suna yankewa a Hz 106. Ka yi sallama da bugun ganga ke nan, sai ka ninka kafasitar sau goma. In kuma ka haura sama, ka sa 220k da 6.8k, sai shuuu ya ƙaru. Tun 1928 John Johnson da Harry Nyquist na ɗakin binciken Bell a Amurka suka bayyana cewa kowace rizista tana fitar da hayaniyarta saboda zafi kawai, ko da wane irin abu aka yi ta, kuma hayaniyar tana ƙaruwa da ƙima: ka ninka ƙima sau ɗari, hayaniya ta ninku sau goma. Shi ya sa zane-zane masu kyau ke zama a tsakiya, ƙaramar tsakanin 'yan ɗaruruwan om zuwa 1k ko makamancin haka.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. In ka mai da ta mayarwa, wato wadda ta taso daga ƙafa ta huɗu zuwa ta biyu, 33k, to ta ƙafa ta ɗaya ma ka mai da ita 33k. An daidaita su ne da gangan, don 'yar wutar da ke shiga ƙafafun ai-si biyu ta tarar da nauyi iri ɗaya, kada wuta tsayayya ta ɓullo a bakin sifika. Ita wannan ta mashiga ba ta da tsanani, 18k ko 27k duk za su wuce. Haɗarinta a karatun launi yake. Ja, ja, ruwan lemo shi ne 22k. Ja, ja, ja shi ne 2.2k. A ƙarƙashin fitilar waya, ko a jikin rizistar da ta sha zafi, ja da ruwan lemo ba su da bambanci a ido, haka ma ja da ruwan ƙasa. Ka sa 2.2k a nan tare da kafasitar mashiga mai maikurofarad 1, wurin yankewa ya tashi daga Hz 7 zuwa Hz 72, sai mutum ya yi ta zargin sifika da akwatinta alhali zobe ɗaya ne ya karanta ba daidai ba. Kada ka yarda da idonka. Kowace rizista ta hau mita kafin ta hau allo.

In amfilifayarka mai hannu biyu ce, dama da hagu, to duk canjin da ka yi a ɗaya ka yi shi a ɗayan. Wannan ya fi dacewa da lambar zane muhimmanci. Hannu biyu masu 560 sun fi ɗaya mai 680 ɗaya mai 560 daɗin ji nesa ba kusa ba. A nan ne ma zoben ƙarshe ke da magana. Ruwan zinariya yana nufin ƙimar na iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, ruwan azurfa kashi 10, ruwan ƙasa a masu zobe biyar kashi 1. Idan aka yi rashin sa'a da masu kashi 5, bambancin hannu biyu na iya kaiwa desibel 1.7, kuma mai kunne zai ji muryar mawaƙi ta gusa gefe ɗaya. Magani ba sai ka sayi masu tsada ba. Sayi goma na masu araha, ka auna su, ka ware biyu da suka fi kusa da juna.

In kuwa lallai ainihin lambar kake so, haɗa ta. Rizistoci a jere, wutsiya da kai, ƙimarsu tarawa ake yi: 10k da 12k sun ba da 22k cif, 470 da 220 sun ba da 690. In ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu biyu a haɗe ta kowane gefe, sai ka ninka su da juna ka raba da jimlarsu: 1k da 2.2k sun ba da 688. Babu aibu a wannan ko kaɗan, injiniyoyi na yin sa kullum. Ka dai gajarta ƙafafun, ka sa dalma da kyau, kada ka bar waya tana reto kusa da mashigar sauti.

Zuwa nan maganar ƙima muke yi. Amma a ganina abin da ya fi kashe amfilifayoyin da ake haɗawa a gida ba ƙima ba ne, wat ne, wato yawan zafin da rizista za ta iya fitarwa ba ta ƙone ba. Lissafinsa daga dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ya samo asali: ninka bolt da kansa ka raba da om, ko ka ninka amfiya da kanta ka ninka da om. Ɗauki 'yar fitilar da ke nuna an kunna wuta. A kan bolt 12, rizistar 1k tana ba ta miliamfiya 10, zafi kashi ɗaya cikin goma na wat, 'yar ƙaramar mai rubu'in wat ta wadatar, kuma in ka sa 2.2k fitilar ce kawai za ta ɗan rage haske. Wannan ita ce rizista mafi sauƙin kai a akwatin gaba ɗaya. Amma ɗauki wannan 1k ka ɗora a layin bolt 35 na babbar amfilifaya, zafi ya haura wat guda, sau huɗu na abin da za ta iya. Za ta yi baƙi, ta ƙona allo. A can 10k ake sawa.

Ƙa'idar wat mai sauƙi ce: ana hawa, ba a sauka. Mai rabin wat za ta zauna a gurbin mai rubu'i muddin ramin allo ya ɗauke ta, amma ba a yin akasin haka. Kuma ka nemi wadda ta ninka abin da lissafi ya ba ka aƙalla sau biyu. Masana'antu galibi suna rubuta wat ɗin ne bisa zafin iska da bai wuce digiri 70 ba, daga nan ƙarfinta ke raguwa. Digiri 70 kamar da nisa, sai ka tuna cewa a watan Afrilu inuwar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram tana wuce 40, ga akwatin ƙarfe a rufe, ga taransifoma a gefe, ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska tun bara. Zanen da aka gwada a ɗakin sanyi a Turai bai yi lissafin wannan ba. Mu ne za mu yi.

Inda wannan ya fi tsanani shi ne manyan amfilifayoyi masu tiranzista, irin masu 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba waɗanda ake haɗa wa masallatai da masu kiɗan biki. A ƙafar emita ta kowace babbar tiranzista akwai farar rizista mai kusurwa huɗu, ta siminti, an rubuta 0.22 ko R22, wat 5. Mai koyo yakan dube ta ya ce wannan ai kusan waya ce, me za ta tare? Har wani ya sa guntun waya a gurbinta. Don Allah kada ka yi haka. Tiranzista in ta yi zafi, ƙarfin wutar da take buƙata don ta buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri, saboda haka sai ta ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, ta sake jan wuta. Kamar mangalar yashi ce a bayan jaki: da zarar gefe ɗaya ya rinjaya, yashin can zai ci gaba da gangarawa har kaya su zube. Wannan 'yar rizista ita ke riƙe daidaito. Duk lokacin da tiranzista ta so zarcewa, wutar da ke faɗuwa a kan rizistar tana ƙaruwa, ta danne ta. In akwai tiranzistoci da yawa a layi, ita ke tilasta musu raba kaya daidai, kada ɗaya ta ɗauke na kowa ta mutu ta ja sauran.

Duba zafin da take sha. Amfilifaya mai wat 100 a sifikar om 8, da tiranzista biyu kacal a mafita, tana sa kowace 0.22 ta fitar da kusan wat 1.4 in an ƙure ta. Wat 5 ya ishe ta har da ragi. To amma wa ke barin amfilifaya da sifika ɗaya? Ranar Juma'a ko ranar walima za a ƙara ta biyu a kan waya guda, nauyi ya koma om 4, wutar da ke gudu ta kusan ninkuwa biyu, zafi kuma ya kusan ninkuwa huɗu, ya tasam ma wat 5.5. Ka ga wanda ya sa mai wat 2 don ita ya samu, ya gwada a shago komai lafiya, ya haƙa wa mai kaya rami ne bai sani ba.

In babu 0.22 mai wat 5, haɗa biyu masu 0.47 na wat 3 kafaɗa da kafaɗa, ka sami 0.235 mai wat 6. Ko biyar masu om 1 na wat ɗaya-ɗaya, ka sami 0.2 mai wat 5. In 0.33 kaɗai ke akwai, ana iya sawa, da sharaɗin ka canza dukkansu, sama da ƙasa, kada ka gauraya. Sannan ka sake saita wutar zaman banza, wadda masu gyara ke kira bayas, domin a kan wannan rizistar ake auna ta. Milibolt 11 a kan 0.22 yana nufin miliamfiya 50. Wannan milibolt 11 a kan 0.47 miliamfiya 23 ne kawai, a kan 0.1 kuwa 110. Ka kuma sani da'irar kariya a amfilifayoyi da yawa daga kan wannan rizista take gane an yi lodi, saboda haka in ka ɗaga ƙimar sosai za ta riƙa datse sauti tun ba a kai ko'ina ba. Wajen aunawa, ka tuna wayoyin mita su kansu suna da nasu om, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5. Haɗa bakunansu biyu tukuna, ka ga abin da ta nuna, ka cire shi daga awonka.

Saura nau'i, kuma a nan ne ake yawan surutu da ɓarnar kuɗi. Masu launin ƙasa-ƙasa da zobe huɗu galibi na fatar kabon ne. Shuɗɗa masu zobe biyar galibi na fatar ƙarfe ne, sun fi tsayawa a ƙimarsu in zafi ya canza, sun kuma fi shiru in wuta na ratsa su. In kana da zaɓi, sa na ƙarfe a mashigar sauti da hanyar mayarwa da wajen makirufo, inda sauti ke da rauni kuma duk hayaniyar da ta shiga za a ninka ta. Sauran wurare na kabon sun isa. Na ƙarfe tana maye gurbin ta kabon ba tare da fargaba ba. Akwai masu sayar da rizista guda a kuɗin da zai sayi ɗari, da sunan wai ta fi zaƙin sauti. A amfilifayar TDA2030 da ke kaɗa sifikar kasuwa, wannan kuɗi gara ka kai shi ga taransifoma mai kyau da babban ƙarfen sanyaya, can ne za ka ji bambanci. Tsofaffin na dunƙulen kabon, waɗanda ake gani a amfilifayoyin jita masu kwalba na Fender da Marshall na da, masu gyaran kayan tarihi ne ke nemansu. Ƙimarsu tana hawa da tsufa da danshi, ba abin da za su ƙara wa sabon aiki.

Wurare biyu ne nau'i ke zama wajibi. Na farko rizistar nan ta bakin mafita, om 1 a TDA2030, om 10 a LM386 da yawancin manyan amfilifayoyi, wadda ke tare da ƙaramar kafasita. Aikinta ta ba amfilifaya nauyi a can saman sauti inda sifika ta daina zama nauyi, don kada ta kama kaɗawar nan da muka ambata. Ta siminti waya ce a naɗe a cikinta, naɗin waya kuwa yana tare sauti mai sauri, wato yana ɓata aikin da aka sa ta yi. Sa ta fatar kabon ko ta ƙarfe mai isasshen wat, kuma kada ka yi nisa da ƙimar zane. In ka buɗe amfilifaya ka tarar wannan rizista ta ƙone, kada ka canza ta ka rufe. Shaida ce cewa amfilifayar tana kaɗawa, nemo dalili.

Na biyu rizistar da aka yi don ta mutu. A wasu alluna, kan layin wutar da ke zuwa ƙananan tiranzistoci, akwai rizista mai ƙaramar ƙima da aka ƙera ta yanke shiru ba tare da harshen wuta ba in lodi ya yi yawa, kamar fis. Zane yakan yi mata alama ta musamman, sau da yawa alwatika mai alamar motsin rai a ciki. Nan kaɗai ne ƙa'idar hawa wat ba ta aiki. Ka sa ƙatuwa mai wat 5 a gurbinta, ita za ta tsira, allo da taransifoma su tafi. Irinta ake nema, ƙima ɗaya, wat ɗaya.

Rizistocin da ake cirowa daga matattun rediyo da talabijin halal ne a yi aiki da su, da yawa ma sun fi sababbin da ake sayarwa a ƙulle inganci. Ka dai ɗaga ƙafa ɗaya daga allo kafin ka auna, domin sauran kayan da ke kewaye suna ruɗa mita. In mai babbar ƙima ce, kada ka riƙe ƙafafunta biyu da yatsunka, jikinka zai shiga lissafi. Wadda ta canza launi ko ta tsage, jefar da ita ko da mita ta ce lafiya.

Ranar kunnawa ta farko bayan kowane canji, kada ka haɗa sifikar kirki. Sa kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wutar gida. In ya yi haske ya dushe, alhamdu lillahi. In ya tsaya da haske, kashe nan take, akwai matsala. Auna bakin mafita ba tare da sauti ba, ya kamata ka ga 'yan milibolt kaɗan, ba bolt ba. Bar ta minti goma, ka kashe, ka zare filogi, ka sauke cajin manyan kafasitoci ta cikin rizista, domin suna riƙe wuta bayan an kashe, sannan ka taɓa rizistocin da ka canza. Wadda ba ka iya riƙe yatsa a kanta ba, nemo babba.

Daga ƙarshe, ɗauki biro ka rubuta a kan zanen abin da ka sa a gurbin me, ka liƙa kwafi a cikin murfin akwatin. Wata rana wani zai buɗe wannan amfilifaya don gyara, wataƙila yaronka na shago, wataƙila kai da kanka bayan ka manta. A babi na gaba za mu ɗauki kafasita, wadda musanyarta ta fi ta rizista haɗari, domin wasu irinta in aka juya musu ƙafa fashewa suke yi.